Wankan Kawu Bala a Tafkin Siwa

Daga Hayyin Ashir zuwa Dokki

Ban jira kiran assalatu ba na sauko daga ɗakinmu da ke hawa na biyar a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira, wata ranar Talata a ƙarshen shekarar 2014. Abokan zamana uku suna ta minshari, babu wanda ya ɗaga kai ya ce mini a sauka lafiya. Ban ga laifinsu ba, tun da dare suka gama faɗa mini cewa tafiyar nan ba ta masu hankali ba ce. Na yi asuba a wani ɗan masallaci na ƙarƙashin bene, na tari ƙaramar bas irin wadda ake kira mikrobas, na nufi unguwar Dokki inda Kawu Bala ya kama gidan haya.

Kawu Bala yayan mahaifiyata ne. Ya taɓa riƙe ƙaramar hukumarmu, har yau kuma idan ba a ce masa Ciyaman ba ba ya waiwayowa. A shekarar yana neman jam'iyyarsu ta tsayar da shi takarar majalisar jiha. Ya sauka Alƙahira da sunan ganin likitan gwiwa, amma ni da idona na ga yana haye matakalar bene uku ba ya ko nishi. Likitan ma sau ɗaya muka je. Washegari ya ce ya ji labarin wasu tafkuna a hamada, can Siwa kusa da iyakar Libiya, waɗanda ruwansu daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, kuma can zan kai shi.

Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a karatun shari'a, iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, saura wata guda ta ƙare. A wancan lokacin ɗalibi baƙo ko taron kallon hatsarin mota ba ya tsayawa. Takarda ɗaya daga 'yan sanda ta shiga fayil ɗinka, shi ke nan, sai ka fara ɗaure kaya. Na yi wa Kawu wannan bayani tiryan-tiryan. Sai ya kira gida ya miƙo mini wayar.

"Nasiru," in ji Inna, "yayana ne fa. Tun da mahaifinka ya rasu wane uba gare ka in ba shi ba? Ƙafarsa ke ciwo, ka kai shi ya nemi magani, kuma kada in ji an ce ka yi masa musu a gaban mutane."

Na ce to. Wannan to ɗin ce ta kai ni Dokki da sanyin asuba, na tarar da shi ya sha babbar riga mai aska takwas kamar mai zuwa ɗaurin aure. A gefensa akwati ne da wata jarka da aka naɗe cikin buhu aka ɗaure da igiya. Ba sai an faɗa mini wanda zai ɗauka ba.

Hanyar Marsa Matruh

Babbar bas ta tashi da mu daga tashar tsakiyar gari wajen ƙarfe bakwai, kowace kujera gine saba'in da ɗoriya a kuɗin Masar. Kawu ya so a ɗauki shatar mota, da ya ji kuɗin sai ya tuna cewa shi mutumin talakawa ne. Direba ya ƙure na'urar sanyi, ya kuma ƙure wani fim ɗin barkwanci, ga Kawu yana ta waya da yaransa na siyasa yana lissafa wakilan da ya saya da waɗanda suka ci amanarsa. Na gode Allah da babu mai jin Hausa a motar.

Bayan mun wuce Alamain aka tsayar da mu a shingen bincike. Soja ya hau ya bi layi yana duba katin kowa, da ya zo kanmu sai ya ce mu sauko da kayanmu. Ya kwance buhun, ya buɗe jarkar, ya kai hanci, ya yi baya da sauri yana tari.

"Mene ne wannan, ya shaikh?"

Na juya na tambayi Kawu. Ya ce, "Ce masa man zafi ne na gargajiya."

Na faɗa. Sojan ya leƙa cikin akwatin ya ga ƙwarya sabuwa, da farin ƙyalle, da dunƙulen sabulun salo. Ya dubi Kawu, ya dubi rigar, ya ce, "Yalla, ku hau." Ni dai na ga abin da ke cikin jarkar: baƙi ne wuluk, mai kauri, da maiƙo a samansa, yana tashin ƙaurin turare da wani wari da ban san sunansa ba. Gwiwar da za ta sha wannan sai dai ta giwa.

Mun isa Matruh bayan azahar. Muka ci gasasshen kifi da shinkafa a wani shago mai kallon teku. Ruwan nan shuɗi ne garau, irin wanda mutum zai zauna yana kallo har ya manta da yunwa. Kawu ya harare shi yana sakace haƙori ya ce, "Wannan ba zai yi ba, koguna na zuba a cikinsa." Na ce ba zai yi me ba? Ya ce in je in sayo tikitin Siwa.

Siwa

Daga Matruh zuwa Siwa kilomita ɗari uku ne, kuma babu komai a hanyar sai ƙasa shimfiɗe da tsakuwa da shingayen sojoji. A kowane shinge mu biyu ake saukewa. Baƙin mutum mai fuskantar iyakar Libiya ba a yi masa kallon ɗan yawon buɗe ido. Ni ke miƙa fasfo, ni ke amsa tambaya, ni ke murmushin dole, Kawu yana tsaye yana gyaran hula.

Dab da magariba hanya ta gangara, sai ga dabino ko'ina kore shar, ga wani makeken tafki yana walƙiya a bayansu. Bayan wuni guda cikin ƙura, na ji abin har cikin ƙirjina. Muka sauka a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwa, ɗaki mai gado biyu gine tamanin, mai gidan ya kawo mana dabino da zaitun da shayi mai kauri a 'yan ƙananan kofuna. Bayan mun yi isha'i Kawu ya rufe ƙofa ya fito da maganar da ya ɓoye tun daga Najeriya.

Wani malaminsa ne, irin malaman da ba su da ɗalibi sai 'yan siyasa, ya haɗa masa abin da ke cikin jarkar. Sharaɗin aikin shi ne ya yi wanka da shi a ruwan da bai taɓa saukowa daga sama ba, bai kuma taɓa gudu a kogi ba, kuma kada idon ɗan Adam ya gan shi. In ya yi haka, ranar zaɓen fid da gwani wakilai za su bi shi kamar tumaki.

Na ce, "Kawu, wannan ai ba shi da asali a addini."

Ya ce, "Ustaz, ba fatawa na zo nema ba. Kai dai ka yi mini tafinta."

Da safe muka je ofishin masu kula da yankin. Gwamnati ta keɓe wasu sassan hamadar da tafkunansu, mahmiyya suke ce wa irin wurin, ba a shiga sai da izini da direban da aka yarda da shi. Aka karɓi hoton fasfonmu, ni da nake jin Larabci kuma nake zaune a ƙasar aka rubuta a matsayin mai alhakin tafiyar. Na sa hannu.

A bangon ofishin akwai wani allo mai bayani. Na tsaya na karanta, na ji dariya ta taso mini. Ruwan da ke ciyar da tafkunan nan ruwan sama ne da ya sauka tun zamanin da hamadar take da ciyawa, ya nutse cikin dutse ya kwanta shekaru dubbai, yanzu yake fitowa a hankali. Na fassara wa Kawu da murnata, na ce ka ga sharaɗin ma bai cika ba, mu sayi dabino mu koma. Ya dubi allon a wulaƙance ya ce, "Malam ya fi allo sani."

Kafin izini ya fito muka hau amalanken jaki zuwa tafkin gishiri na gefen gari, wanda kowa ke shiga. Gaɓarsa fara fat, gishiri yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, wasu Turawa suna kwance a saman ruwan kamar faifai, sun ƙi nutsewa. Kawu ya tsuguna ya murza sabulun salo, sabulu ya ƙi kumfa. Ya ce wannan ruwan ba shi da albarka, ga kuma idanu sun yi yawa. Shi mai daɗi yake so, wanda ke can cikin yashi.

Cikin yashi

Washegari bayan azahar muka shiga wata tsohuwar jif. Direbanta dattijo ne ɗan garin, Ammu Sharif, a gefensa kuma wani jami'in mahmiyya mai suna Umran, mutum mai ƙarancin magana. Tun kafin mu tashi Umran ya ce in faɗa wa Alhaji dokokin wurin: ba a yar da komai, ba a ɗaukar komai, ana iya shiga ruwan amma ba da sabulu ko mai ba. Ya ce tafkin ba shi da mafita, duk abin da ya shiga ya zauna ke nan.

Na fassara, na kuma ƙara nawa. Na ce, "Kawu, don Allah in ma dole ne, zan ɗebo maka ruwa a bokiti, ka je bayan tudu ka yi abinka a kan yashi." Ya ce to, ba damuwa. Na yarda da shi, don ban taɓa zuwa taron yaƙin neman zaɓensa ba.

A bakin gari Ammu Sharif ya rage iskar tayoyi, muka faɗa cikin tuddan yashi. Mota ta hau har sai ka daina ganin komai sai sama, sannan ta sulalo da kai. Kawu ya ƙanƙame jarkarsa yana salati da ƙarfi, Ciyaman guda. Muka tsaya wani fili inda ƙasa take cike da ɓawon katantanwar teku da ya zama dutse, Umran yana biye da hannun Kawu da ido har muka koma mota.

Sai muka hau wani tudu, muka hango shi a ƙasa. Ba babba ba ne, bai fi filin makarantar firamare ba. Ruwa ne kore-kore mai haske, kacalla ta zagaye shi, yashi ja ya zagaye kacallar, babu gida, babu hanya, babu itace ko ɗaya har iyakar gani. Na sauka na sa ƙafa, sanyi ya ratsa ni, ƙananan kifaye suka taru suna tsattsagar yatsuna. Wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a ɗaya gefen, ba su ko damu da mu ba. Ni mutumin ƙasar da ake tashi da asuba a bi layin rijiya ne, ban san lokacin da hawaye ya cika mini ido ba. Kawu ya tambaya ko akwai sabis ɗin waya.

La'asar ta yi. Ammu Sharif ya shimfiɗa tabarma a bayan tudu inda iska ba ta kaɗawa. Kawu ya dafe gwiwa, karo na farko tun zuwansa Masar, ya ce shi a zaune zai yi tasa a gefen mota, mu je. Na ajiye masa bokitin ruwan da na yi alkawari. Mutanen nan biyu suka tura ni gaba, suka ce ɗalibin shari'a ba ya bin direba salla.

To ni matafiyi ne, raka'a biyu ce a kaina. Na yi biyu na sallame, su kuma suka miƙe suna cika tasu. Ina zaune ina tasbihi sai na ga tsuntsayen nan sun tashi gaba ɗaya, iska kuma ta kawo mini warin da na sani tun shingen Alamain. Na haye tudun da gudu.

Bokitin yana nan inda na ajiye shi, ko taɓa shi ba a yi ba. Kawu yana cikin tafkin ruwa iya ƙugu, daga shi sai farin ƙyalle, ƙwarya a ka, jarkar tana yawo a gefensa baki buɗe. Baƙin abin nan yana yaɗuwa a kan ruwan, maiƙo yana ƙyalli, kumfa mai launin toka ta fara taruwa a gindin kacalla.

Na ƙwala ihu, "Kawu!"

Ya waiwayo, fuska duk baƙi, ido ja. Bai ji kunya ba, haushi ya ji. Ya ce, "Kai wane irin ɗan banza ne? Wa ya ce ka yi ƙasaru? Ni raka'a huɗu na lissafa!"

Umran ya iso bayana. Bai yi faɗa ba, na so a ce ya yi. Ya cire takalmi ya shiga ruwan da kayansa, ya ciro jarkar, ya cire rawaninsa yana jan shi a saman ruwa yana tsane maiƙon. Ni da Ammu Sharif muka shiga da tabarma da bokiti. Muna kwasa abin yana tsere mana, har rana ta yi ja. Kafin mu fito na ga kifayen nan guda-guda sun juyo da farin cikinsu sama a bakin gaɓa. Kawu kuwa yana cikin mota ya mayar da babbar rigarsa, yana cin dabino.

Ammu Sharif ya ce mini a hankali, "Ma'alish ya ibni, ka yi haƙuri ɗana, dole a kai rahoto. In mun rufe, ni za a ƙwace wa izinin shiga hamada, shi kuma a kore shi."

A gaban hafsa

Da safe aka kai mu gaban wani hafsan 'yan sanda, ga jarkar a kan teburinsa, ga wasu layu da aka ciro daga ƙasanta. Mutumin bai wulaƙanta mu ba, har shayi ya sa aka kawo. Ya ce in tambayi Alhaji ko an sanar da shi dokar wurin.

Kawu ya gyara zama ya ce, "Faɗa masa ni baƙo ne, dattijo, marar lafiya. Ba na jin Larabci. Kai ka kawo ni, kai ka ce mini ba komai in zuba."

Na dube shi. Ko ƙifta ido bai yi ba. Babu mai jin Hausa a ɗakin sai mu biyu, da na so da na juya maganar yadda na ga dama. Amma tafinta aka ce in yi, na mayar da ita Larabci kalma bayan kalma, ina jin muryata kamar ta wani.

Hafsan ya ajiye alƙalami ya ce, "Wannan maganarsa ce. Kai fa? Haka aka yi?"

Umran yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona, shi dai ya ga na yi wa Kawu doguwar magana a mota, amma bai san me na ce ba. Kalma ɗaya ta ishe ni. Sai dai kalmar ita ce in ce yayan mahaifiyata maƙaryaci ne, a gaban baƙi, a ƙasar mutane. Tun ina yaro ba a koya wa bakina wannan ba, ranar kuma da na neme shi ya ƙi buɗuwa.

Na ce, "Kawuna ne."

Hafsan ya jira, ya sake jira, sannan ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare, ya ɗauki alƙalaminsa. Aka ci mu tara, Kawu ya zaro daloli ya biya yana murmushi kamar mai ba da gudummawar masallaci. Rahoton kuwa da sunana aka rubuta shi.

Komawa

Muka kamo hanyar komawa daga Siwa. A Matruh ya ce in sayo masa gasasshen kifi irin na rannan. Kwana biyu da komawarmu Alƙahira na raka shi filin jirgi, abin da ya ce mini na sallama shi ne idona ya karya masa aiki, kuma in ya faɗi zaɓe in san cewa ni ne.

Da lokacin sabunta iƙama ya yi na bi layi tun sassafe kamar kullum. Matar da ke bayan gilashi ta buga sunana, ta daɗe tana kallon na'ura, ta tashi ta shiga ciki. Da ta dawo ba ta buga hatimin shekara ba. An ba ni 'yan makonni in bar ƙasar. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi, na kai takardar makaranta, wani malaminmu ya rubuta mini shaida, duk a banza. Baƙo, kusa da iyaka, da jarkar abin da ba a san ko mene ne ba, da layu. Ni ma da ni ne a bayan gilashin ban san abin da zan yi ba. Na rarraba littattafaina ga abokan zama, saura wata biyar in zauna jarrabawar ƙarshe.

Na sauka Kano da hantsi, na hau motar garinmu, na isa gida ana kiran magariba. Kawu ya faɗi zaɓen fid da gwani, ko na uku bai zo ba. Tun a tasha na lura mutane suna gaishe ni suna kawar da kai. Ƙanwata ce ta faɗa mini dalili: Kawu ya riga ya zagaye gari da labarin cewa zanga-zangar ɗalibai na shiga a Masar aka koro ni, shi ma da ƙyar ya fid da ni daga hannun hukuma.

Inna ta zuba mini tuwo ta zauna a gefe. Na ture kwanon na ba ta labari tun daga Dokki har ofishin hafsan. Ta saurara har ƙarshe tana murza bakin zanenta. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Ta ce, "Na san halinsa tun muna yara. Ka yi haƙuri, Allah zai saka maka. Amma ka bar maganar nan a ɗakin nan, kada ka tona masa asiri."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Ammu Sharif da Umran, waɗanda suka shiga ruwa da tufafinsu suna kwashe ƙazantar da ba su suka zuba ba, da abokan zamana na Hayyin Ashir da suka haɗa mini kuɗin jirgi ba su ce ai mun faɗa maka ba. Ke kuma Inna, na yi shiru a gaban hafsa saboda ke, shirun ya ci mini karatun shekara huɗu. Wannan karon ki gafarce ni, na faɗa wa duniya.